Tarihin Likita Denis Burkitt da Ciwon Dajin Muƙamuƙin Yara

Akwai wani suna da iyaye da yawa suka fara jinsa cikin tashin hankali a ɗakin kwanciyar yara na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, wanda mutanen Gyadi-Gyadi da Ƙauyen Alu da sauran unguwannin Tarauni suka fi sani da asibitin Malam. Sunan kuwa shi ne Burkitt. Likita yakan rubuta shi a takardar yaron da muƙamuƙinsa ko cikinsa ya kumbura cikin 'yan makonni, uba ya riƙe takarda yana jujjuyawa, bai sani ba ko sunan cuta ne ko na magani. To, sunan mutum ne, likitan fiɗa ɗan tsibirin Ailan, wanda ya yi shekara ashirin yana aiki a Yuganda. Ba ɗan Ikilisiyarmu ta Katolika ba ne, Kirista ne daga cikin 'yan'uwanmu Furotesta. Ta wurin aikinsa ne masana suka sami ɗaya daga cikin shaidu na farko cewa tsakanin ciwon daji da garkuwar jikin mutum akwai yaƙi, cewa kuma ciwon yakan sami ƙofa ne sa'ad da garkuwar ta raunana.

An haifi Denis Parsons Burkitt ran 28 ga Fabrairu, 1911, a garin Enniskillen da ke arewacin Ailan. Mahaifinsa, James, injiniya ne mai lura da hanyoyi da gadojin gundumarsu, amma a lokacin hutunsa ba shi da abin so kamar tsuntsaye. Yakan kama wani ɗan tsuntsu mai jan ƙirji, ya sa masa zobe a ƙafa, ya sake shi, sa'an nan ya riƙa zana a taswira iyakar wurin da kowane ɗaya yake kiwo. Yaron ya tashi yana ganin ubansa da taswira da fensir, ba wanda kuwa ya zaci wannan wasan tsuntsu zai yi wani amfani ga 'ya'yan Afirka.

Yana da shekara 11 yara suka yi faɗa da jifa a makaranta, dutse ya fasa masa tabarau, ya rasa idonsa na dama. A karatu ma ba a lissafa shi cikin haziƙai ba. A 1929 ya shiga Kwalejin Triniti ta Dablin domin ya bi sawun ubansa a aikin injiniya, abin bai karɓe shi ba. A can ne ya haɗu da wata ƙungiyar ɗalibai masu taruwa domin addu'a da nazarin Littafi Mai Tsarki, ya kuma tabbata a ransa cewa an kira shi ne ga hidimar marasa lafiya. Ya koma sashen likitanci, ya gama a 1935, a 1938 kuma ya sami shaidar ƙwarewa a fiɗa daga Edinbara.

Burinsa shi ne ya zo Afirka. Ya nemi aiki a ma'aikatar lafiya ta ƙasashen da Ingila ke mulka, aka ƙi shi, dalilin da aka bayar kuwa shi ne mai ido ɗaya ba zai iya fiɗa ba. Yaƙin Duniya na Biyu ne ya buɗe masa hanya, gama soja ba su yi wannan tsantseni ba. Ya shiga rundunar likitocin soja a 1941, ya auri wata ma'aikaciyar jinya, Olive Rogers, a 1943, aka tura shi Kenya da ƙasar Somaliya. Da yaƙi ya ƙare ba sauran mai cewa ba zai iya ba. A 1946 aka aike shi Lira, a arewacin Yuganda, inda ya zama likitan jama'a wajen 250,000. Tun a nan halin ubansa ya fito: ya lura masu gwaiwa da yake yi wa fiɗa sun fi fitowa daga wani sashen gundumar fiye da wani, ya zauna ya zana abin a taswira. A 1948 aka mai da shi asibitin Mulago na Kampala.

A 1957 abokin aikinsa, Likita Hugh Trowell, ya kira shi ya duba wani yaro ɗan shekara 5 wanda muƙamuƙinsa ya kumbura sama da ƙasa, dama da hagu, haƙora suna girgiɗa. Burkitt bai taɓa ganin irinsa ba, ba shi kuma da abin da zai yi masa. Ya ɗauki hoto, ya rubuta abin da ya gani. Bayan 'yan makonni yana zagayen marasa lafiya a asibitin Jinja, sai ya hango wani yaro a waje da irin wannan fuska, da ya duba shi kuwa ya tarar har da ƙari a cikinsa. Da wani ne, da ya ce an yi dace ne kawai. Shi kuwa ya koma ɗakin ajiyar takardu, ya tono bayanan yaran da suka mutu a Mulago shekara da shekaru, ya ga cewa abin da likitoci suke kira da sunaye dabam dabam, wai wannan ƙarin ƙoda ne, wancan na ido, wancan na mahaifa, duk cuta ɗaya ce mai fitowa a wurare da yawa. A 1958 ya buga bayanin yara 38 a mujallar likitocin fiɗa ta Ingila. Kusan ba wanda ya kula.

Masu binciken tsoka a Kampala, Greg O'Conor da Jack Davies, su ne suka sa ƙarin a ƙarƙashin madubin likita suka gane asalinsa. Daga wani jinsin fararen ƙwayoyin jini yake tasowa, irin waɗanda suke zaune a cikin kaluluwa da saifa, waɗanda aikinsu shi ne tsaron jiki. Wato dai ciwon daji ne na garkuwar jiki kanta. Dogarin da aka ɗauka domin tsaron gida shi ne ya zama ɗan fashi. An kuma gane daga baya cewa yana cikin masu saurin girma a duk ciwon dajin ɗan Adam, gama ƙwayoyinsa suna iya ninka yawansu cikin kwana ɗaya ko biyu.

Burkitt ba shi da ɗakin bincike. Abin da ya samu shi ne tallafin fam 25, da shi ya buga takardu sama da 1,000 masu ɗauke da hotunan yaran, ya aika wa asibitocin gwamnati da na mishan ko'ina a Afirka, yana tambaya ko sun taɓa ganin wannan. Duk amsar da ta zo sai ya kafa allura a taswirar da ke bangon ofishinsa. Sannu a hankali allurai suka yi ɗamara a tsakiyar Afirka, daga yamma zuwa gabas, da wutsiya da ta gangara gaɓar teku har Mozambik. Sai ya ƙudura ya je ya ga bakin iyakar da idonsa. A watan Oktoba na 1961 ya tashi tare da likitoci biyu, Ted Williams na asibitin mishan na Kuluva da Cliff Nelson ɗan Kanada, cikin wata tsohuwar mota ƙirar Ford. Sun yi mako 10 a hanya, sun ci mil wajen 10,000, sun shiga asibitoci fiye da 50. Abin da suka gano shi ne ciwon ba ya hawa tudu mai sanyi: duk inda sanyi yakan sauka ƙasa da digiri 15, ba a cika ganinsa ba.

Bayan wannan ya zo Afirka ta Yamma, ya zaga Nijeriya da Gana, a nan ne kuma ƙasarmu ta ba shi rabi na biyu na amsar. A kudancin Nijeriya mai yawan ruwa ciwon ya yi yawa, a yankin Kano kuwa, duk da cunkoson jama'a, ya tarar da shi kaɗan ne. Ya ce ashe ban da zafi, sai da damshi. Sai dai taswirarsa yaran da suka kai asibiti kaɗai ta ƙirga, a Kano ta wancan zamani kuwa su ne marasa yawa. Binciken da likitocin Kano da na Zariya suka buga a shekarun baya ya nuna wannan ciwo yana sahun gaba cikin ciwon dajin yara a nan arewa, tare da dajin ido. Kada wani ya ce cutar kudu ce.

Zafi da damshi, ai gidan sauro ke nan. Alexander Haddow na cibiyar binciken ƙwayoyin cuta ta Entebbe ya nuna cewa taswirar Burkitt ta yi kama da ta cututtukan da ƙwari ke yaɗawa, aka fara zaton wata ƙwayar bairas ce sauro yake ɗauka. Ran 22 ga Maris, 1961, tun kafin doguwar tafiyar, Burkitt ya yi lacca a asibitin Middlesex na Landan. Cikin masu sauraro akwai wani mai bincike, Anthony Epstein, wanda ya san bairas na haddasa daji a jikin kaji, yana kuma neman irinsa a jikin mutum. Suka shirya a riƙa aiko masa da tsokar ƙarin daga Kampala ta jirgin sama. Kusan shekara uku yana nema bai ga kome ba. A watan Disamba na 1963 hazo ya sa aka karkatar da jirgi zuwa Manchesta, saƙon ya iso a makare, ruwan da tsokar ke ciki ya yi gurɓi kamar ya lalace. Da Epstein ya duba, sai ya ga ba ruɓa ba ce, ƙwayoyin ƙarin ne suka warwatse suna iyo da ransu. Ya rene su a kwalba tare da Yvonne Barr, suka hayayyafa, a 1964 kuma, tare da Bert Achong, suka ga bairas ɗin da madubi mai aiki da lantarki. Shi ne ake kira Epstein-Barr, bairas na farko da aka danganta da ciwon daji a jikin ɗan Adam. A daidai wannan lokaci, a asibitin jami'a na Badun, Farfesa Pulvertaft ya rena ƙwayoyin ƙarin wani yaro ɗan Nijeriya a 1963. Ana kiransu Raji, suna nan da rai har yau a ɗakunan bincike na duniya, a kansu ne kuma ake gwada da yawa daga cikin sababbin magungunan da ke aiki ta hanyar garkuwar jiki.

Murna ba ta daɗe ba sai ga wata matsala. Werner da Gertrude Henle, miji da mata masu bincike a Filadelfiya ta Amurka, suka auna jinin mutane daga ƙasashe dabam dabam, suka tarar bairas ɗin yana ko'ina. Fiye da kashi 90 cikin 100 na manyan duniya suna ɗauke da shi, mai karanta wannan ma da wuya a ce ba ya ciki. Ba sauro ke yaɗa shi ba, ta yau yake bi, yaran Afirka kuwa sukan kamu tun suna goye. In haka ne, me ya sa Bature da Balarabe suke zaune lafiya da shi, yaron Yuganda da na Nijeriya kuwa ya zame masa ajali?

Amsar tana ga zazzaɓin cizon sauro. Gilbert Dalldorf ɗan Amurka ne ya fara kawo wannan shawara, Burkitt kuma bai yi girman kai ba, ya saki zatonsa na farko ya bi ta, ya ƙarfafa ta da taswirarsa a ƙarshen shekarun 1960. Ya nuna cewa a wuraren da aka yaƙi maleriya, kamar tsibirin Zanzibar a wancan lokaci, ciwon ya yi wuyar gani ko da akwai zafi da ruwa. Ga yadda masana suka fahimci abin a yau. Cikin fararen ƙwayoyin jini akwai runduna biyu da suka shafe mu. Ta farko, wadda ake kira B, maƙera ce, ita ke ƙera makaman da ke yawo cikin jini suna kama cuta. Ta biyu, wadda ake kira T, 'yan sintiri ne, suna bi suna duba kowace ƙwaya, wadda suka ga ta ɓaci su kashe ta. Bairas ɗin Epstein-Barr cikin ƙwayoyin B yake ɓuya, yana zuga su su yi ta haihuwa, amma muddin 'yan sintiri suna a farke ba ya iya ɗaga kai, mutum ya rayu da shi har tsufa bai sani ba. Yaron da maleriya ke kayarwa damina bayan damina kuwa, abu biyu ne ke samunsa a lokaci guda. Maƙeran suna aiki ba dare ba rana, suna ninkuwa cikin gaggawa, mai gaggawa kuwa ba ya rasa kuskure. 'Yan sintirin kuma sun gaji. An tabbatar da wannan na biyu a Gambiya a 1984, inda Hilton Whittle da abokan aikinsa suka nuna cewa a lokacin da yaro ke cikin zazzaɓin, ƙwayoyin T sukan kasa riƙe waɗanda bairas ya shiga. A cikin wannan hargitsi wata rana ƙwaya guda takan yi babban kuskure: guntun kundin gadonta na 8 ya tsinke ya manne a na 14, umarnin da ke cewa a hayayyafa ya koma wurin da ba a kashe shi. Daga wannan ƙwaya ɗaya ƙarin yake tashi.

Wasu shaidu sun biyo baya. A yankin Nilu ta Yamma na Yuganda an ɗebi jinin yara wajen 42,000 tun daga 1972 aka bi su, sakamakon da aka buga a 1978 ya nuna waɗanda suka kamu da ciwon tun da fari jininsu ya nuna alamar bairas ɗin ya yi musu yawa. Sa'ad da cutar ƙanjamau ta bayyana kuma, wadda ƙwayoyin T take karyawa, sai aka fara ganin ciwon Burkitt a jikin manya a Amurka tun 1982, a ƙasar da ba maleriya.

Amma Burkitt likita ne kafin ya zama mai bincike, yaran kuwa suna mutuwa a gabansa cikin 'yan watanni. Fiɗa ba ta da amfani, Yuganda kuma ba ta da na'urar ƙona daji. Sai ya mai da rashin ya zama hujja: ya rubuta wa kamfanonin magani cewa ga marasa lafiya da ba a taɓa yi musu wani magani ba, a nan ne za a san ainihin ƙarfin maganinsu. Suka ba shi kyauta. Daga wajen 1960 ya fara ba yaran methotrexate, daga baya cyclophosphamide, abin da ya gani kuwa ya ba kowa mamaki. Ƙarin da ya cika fuska yakan narke cikin mako biyu ko uku. Abin da ya fi wannan ban mamaki, waɗansu iyaye sukan ɗauke ɗansu bayan allura ɗaya ko biyu su koma ƙauye, a bi sawunsu bayan shekara a tarar da yaron yana kiwo lafiya lau. Allura ɗaya ba ta isa ta kashe kowace ƙwayar daji ba. Burkitt ya ɗauka cewa maganin ya rage yawan abokan gaba ne, jiki ya ƙarasa sauran. A 1967 shi da Sebastian Kyalwazi, likitan fiɗa ɗan Yuganda, suka buga labarin yaran da ƙarinsu ya janye ba tare da magani ba. A wannan shekara Victor Anomah Ngu, ɗan Kamaru da ke koyar da fiɗa a Badun, ya yi rubutu a kan yadda jiki ke kare kansa daga wannan ƙari. A Sitokholm kuma George da Eva Klein, da jinin da Peter Clifford ke aiko musu daga Nairobi, suka sami makaman garkuwa masu kama ƙwayoyin ƙarin a jinin marasa lafiyar. A 1972 Burkitt da Ngu suna cikin waɗanda aka ba lambar Lasker ta Amurka saboda maganin wannan ciwo.

A nan sai a faɗi gaskiya domin kada wani ya ruɗu: waɗanda suka warke da allura ɗaya 'yan kaɗan ne, yawancin waɗanda aka katse wa magani ciwon ya dawo ya kashe su. Amma waɗannan 'yan kaɗan sun nuna hanya. A tsakiyar shekarun 1990 likitoci a Amurka suka fara rena ƙwayoyin T masu gane bairas ɗin Epstein-Barr suna sa wa waɗanda aka yi wa dashen ɓargo, ƙarin da bairas ya tayar ya janye. A 1997 aka amince da rituximab, makamin garkuwa da aka ƙera a ɗakin bincike domin ya kama ƙwayoyin B, a yau kuma ana haɗa shi da sauran magungunan ciwon Burkitt. A ƙasashe masu arziki yara 9 cikin 10 suna warkewa. A yawancin Afirka kudu da Sahara, inda aka gano ciwon, inda kuma aka fara warkar da shi, sau da yawa masu tsira ba su kai rabi ba. Wannan abin kunya ne ga duniya, da mu kanmu.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne: tsadar magani, nisan asibiti, da jinkiri. Jinkirin nan kuwa yana hannunmu. Hangum yakan zo da zazzaɓi da zafi, ya sauka cikin mako ɗaya ko biyu. Kumburin muƙamuƙi ko na ciki da ke ƙaruwa kowace rana a jikin yaro, musamman ɗan shekara 4 zuwa 9, sau da yawa ba zafi, haƙora suna girgiɗa ko ido yana turowa waje, ba na cire haƙori ba ne, ba na sakiya ko tsaga ba ne, ba kuma aikin maƙiya ba ne. Maganar da ake yi a gari cewa daji ba ya son allura ta jawo asarar rayuka da yawa, gama wannan dajin allura ce maganinsa, kowane mako da aka ɓata kuwa ƙarin ya ninka kansa sau da yawa. In an fara magani kumburi ya sauka, ba a gama ba ke nan, sai likita ya ce an gama. Iyalin da kuɗi ya yanke musu a tsakiya, su ne ya kamata ƙungiyoyinmu irin su Zumuntar Mata su fara nema. Gidan sauro da maganin zazzaɓi a kan lokaci kuma suna kare yaro daga abin da ya fi zazzaɓi.

Burkitt ya bar Yuganda a 1966 ya koma Landan yana aiki da Majalisar Binciken Lafiya ta Ingila. Da ya so, da ya zauna yana cin albarkacin sunansa. Maimakon haka ya ɗauki wata sabuwar tambaya, ta hanyar da ya saba, wato wasiƙu zuwa asibitocin karkara da taswira: me ya sa dajin hanji da basir da tsakuwar matsarmama suka cika Turai, amma a ƙauyukan Afirka likita yakan yi shekaru bai gansu ba? Shi da tsohon abokinsa Trowell suka ɗora laifin a kan abincin da aka tace aka raba shi da dusarsa, kamar farin fulawa da sukari. Ya buga bayaninsa a kan dajin hanji a 1971, ya kuma rubuta littafi domin talakawa a 1979. Ba duk abin da ya faɗa ne bincike ya tabbatar ba, amma ginshiƙin maganar ya tsaya, Turawan da suka raina tuwon dawa da wake kuwa suka koma sayen dusa a kanti da tsada.

An zaɓe shi cikin Ƙungiyar Masana ta Sarautar Ingila a 1972, ya kuma shugabanci ƙungiyar likitoci Kirista ta ƙasar. Shi da Olive sun haifi 'ya'ya mata uku. Ya ci gaba da yawon lacca har tsufansa, da hotunan da ya ɗauka da hannunsa a Afirka. Ya rasu a Gulosta ran 23 ga Maris, 1993, bayan bugun jini, yana da shekara 82, aka binne shi a ƙauyen Bisley inda ya yi zamansa na ƙarshe.